Ranar da Atika Ta Darje Baƙin Faranti

A Jiratawa ba mai musu idan aka ce Atika ta fi kowa tsabta. Gindin tukunyarta, inda wuta ke lasa kullum, sai mutum ya ga fuskarsa a ciki. Tsabta abu ne mai kyau, addini ma ya yi umarni da ita. Abin da addini bai yi umarni da shi ba shi ne leƙen tukwanen maƙwabta ana taɓe baki, kuma a wannan ma Atika ta fi kowa.

Su ashirin da shida ne a ƙungiyar matan unguwarsu, sana'arsu zogale. Maza ke noma shi a filayen ban ruwa na bakin gulbi. Duk ranar Alhamis mata su tsige ganye, su wanke, su shanya a inuwa, in ya bushe su ɗura a leda a kai Maraɗi. Masu saye sun kafa sharaɗi ɗaya: a wanke ganyen da ruwan da aka ɗiga wa jabel, don ya kashe ƙwayoyin cuta. Matan ba sayen jabel suke yi ba. Suna da ƴar na'ura, tsawonta bai wuce kamu ɗaya ba, da ake tsomawa cikin bokitin ruwan gishiri a jona ta da batirin hasken rana. Sai ta yi ta fitar da ƙananan kumfa, bayan awa uku ruwan gishiri ya zama jabel.

Mabuɗin ɗakin na'urar yana hannun Tahira, ƴar Tsibiri da aure ya kawo ta Jiratawa, domin ita aka tura ta koyo aikin. Shekara biyu wannan abu yana cin Atika. Da Tahira za ta tafi gidan iyayenta haihuwar fari da wankan jego, sai aka ce Atika ta riƙe mabuɗin har ta dawo. Ƙungiyar kuwa tana da doka: duk wadda ta ɓata kayan ƙungiya da hannunta, ta ajiye mabuɗi a tsakiyar tabarma, ta faɗi abin da ta yi gaban kowa. Atika ce ta kawo wannan doka da bakinta, shekarar da wata ta karya sikeli ta ɓoye.

Ranar da za ta tafi, Tahira ta tsaya bakin ɗakin da cikinta a gaba, tana bayani.

"Inna Atika, gishiri gwangwani ɗaya ga bokiti. In kin ga farin datti ya taru, ki jiƙa ta cikin ruwan lemun tsami, ki ɗauraye. Amma don Allah kada ki buɗe ta."

"Ke za ki koya mini wanki? Tun uwarki na goyon ki nike wanke tukwanen biki. Tafi ki sauka lafiya."

Mako uku komai ya tafi daidai. Tahira ta haihu, an yi suna, mata sun je Tsibiri sun dawo. Sai wata Litinin da hantsi Atika ta ɗaga na'urar sama, rana ta shiga ta ƴan tsagogin robar da ta rufe ta, ta hango abin da ke ciki. Farantai ne biyu na ƙarfe, kowanne kamar tafin hannu, suna fuskantar juna. Ɗaya toka-toka ne, tas da shi. Ɗayan baƙi ƙirin, kamar kaskon tuya da ya shekara bai ga ruwa ba.

Atika ta yi murmushi. Ashe wannan ne dalilin "kada ki buɗe".

Da ta tsaya nan, da sauƙi. Sai ta leƙa waje ta kira Maijidda, shugabar ƙungiya, da tsohuwa Asabe, waɗanda ke wucewa za su gona.

"Ku zo ku ga ikon Allah. Tagwaye ne, ɗaya an wanke, ɗaya an ƙyale. Shekara biyu muna wanke abincin mutane da abin da ya fito daga wannan ƙazanta. Bari ɗiyar Tsibiri ta dawo, in nuna mata yadda ake riƙon kaya."

Suka leƙa, suka kama baki, suka wuce.

Ta ɗauko turnabis, abin kwance kusoshi, a jakar moton mijinta, wato babur ɗinsa, ta kwance kusoshi huɗu, ta zaro baƙin farantin. Ta fara da sabulu, bai ji ba. Ta sa toka, ta sa kanwa, ta jiƙa shi cikin ruwan tsamiya, ta matse masa lemun tsami shida. Baƙin yana nan kamar an haife shi da shi. Mai hankali, in ya ga abu ya ƙi toka, ya ƙi kanwa, ya ƙi tsamiya, sai ya dakata ya yi tambaya. Atika ta ɗebo yashin gulbi, ta ɗauko dutsen wasa wuƙa, ta gyara ɗaurin zane ta zauna.

Daga hantsi har la'asar tana darza, sallah kawai ke tashinta. Yatsunta suka yi ja, kafaɗa ta riƙe. Amma ta ci nasara. Farantin ya fito fari fat, sai ɗan layin baƙi a gefe ɗaya inda dutsen bai kama ba. Ta mayar da shi, ta ɗaure kusoshi, ta je gida ta yi barcin wanda ya yi aikin lada.

Washegari da sassafe ta haɗa ruwan gishiri ta jona wuta. Kumfa ta ɗan taso, ta ragu, ta tsaya. Ta girgiza waya, ta goge bakin batir, ta ƙara gishiri. Shiru. Ta jira awa biyu ta tsoma ƴar takardar gwaji da ke sauya launi in jabel ya yi. Takarda ta fito yadda ta shiga. Ta sunsuna bokitin, ba wari ko kaɗan. Ruwan gishiri ne, kamar yadda ta zuba shi.

Jibi Alhamis. Ta sake zaro farantin, ta naɗe shi a tsumma, ta nufi gida. Mijinta Jibo na zaune ƙofar gida yana gyaran ƙotar fartanya.

"Baban Rahmatu, tashi ka kai ni Maraɗi."

"Lafiya?"

"In lafiya ce zan hau wannan akwalar taka?"

Ta buɗe tsumman ta gaya masa komai. Jibo mutum ne da ba ya iya ganin abin dariya ya bar shi ya wuce, shi ya sa shekara talatin suna faɗa kuma ba wanda ya taɓa jin ta yi yaji. Ya jujjuya farantin, ya duba haƙoransa a ciki.

"Kai, ya yi kyau. To mi ya rage?"

"Ba ya aiki."

"Ai dole. Da yana baƙi talaka ne, yana aiki. Yanzu kin mai da shi babban mutum."

Suka hau moto. A hanya, tsakanin gonakin tattasai da na albasa, Jibo ya yi ta kawo shawara yana ɗaga murya saboda iska. A shafa masa baƙin fenti. A turara shi da hayaƙin taya. Da suka kusa shiga gari sai ya rage gudu.

"Ko kuwa mu tsaya kanti ki sayi jabel kwalba biyu, ki juye a bokiti. Wa zai sani?"

Shaiɗan ba kullum yake zuwa da ƙaho ba. Wani lokaci bisa moto yake zuwa, kuma mijinki ne. Suka wuce kanti ɗaya, suka wuce na biyu. A gaskiya Atika ta kalli kwalaben.

"Wuce," in ji ta. "Alhamis nawa zan yi ina juyewa? Kuma ban san mi anka zuba cikin na kanti ba. Abin da mutane za su ci ne."

Suka kutsa cikin ƴan kabu-kabu da amalanken hatsi har bayan kasuwa, rumfar Maidawa maƙerin farin ƙarfe, wanda ya ƙera wa ƴarsu Rahmatu awarwaron aure. Dattijo ne siriri, da tabarau ɗaure da zare.

"Sarkin maƙera, baƙi nike so ka mayar mini da wannan."

"Ikon Allah. Shekara talatin da huɗu mata na kawo mini baƙi in mai da shi fari. Yau ga wadda ta zo ta baya."

Ya auna farantin a tafinsa, ya ce ya yi rashin nauyi, ba azurfa ba ne, ba kuma sanholo ba ne. Ya goga masa magagari, magagari ya zame. Ya kama shi da awartaki ya sa a wuta, ya hura. Farantin ya yi ruwan kara, ya koma ja-ja, ya koma shuɗi mai sheƙi kamar wuyan tattabara. Baƙi dai bai yi ba.

"Barka, uwargida," in ji Jibo. "Da kin wanke shi, yanzu an yi masa lalle."

Maidawa bai yi dariya ba. Hankalinsa ya koma kan ɗan layin baƙin da ya rage a gefe, wanda wutar ba ta sauya shi ba. Ya jawo wata ƴar kwalba daga ƙarƙashin buzu, ya ɗiga ruwanta a kan layin, ya jira.

"Wannan ruwa da shi nike gwada zinariya. In na ɗiga wa tagulla sai ta yi kore tana tafasa. Azurfa ma cin ta yake yi. Ku duba nan, ko gezau." Ya cire tabarau ya dube ta. "Hajiya, wannan baƙin ba hayaƙi ba ne, ba tsatsa ba ne. Wani ne ya sa shi da gangan, kuma ya fi ni sanin ƙarfe. Ba aikina ba ne."

Mai sana'a na ƙwarai shi ne wanda ya san inda saninsa ya ƙare. Maidawa ya kwatanta musu wani malamin kimiyya da ke koyarwa a lise, babbar makarantar sakandare, Mushe Hafizu, kamar yadda ake kiran malaman boko, wanda yakan zo rumfar ya zauna yana tambayar yadda ake narka azurfa. Ya ce in sun yi sauri za su same shi an tashi hutun rana.

Suka same shi gindin dogon yaro a ƙofar makaranta, da alli a hannun rigarsa, yana cin dambu a leda. Bai wuce shekara talatin da biyar ba. Ya ba Atika benci, ya saurari labarin. Da ta kai kan dutsen wasa wuƙa sai ya ajiye ledar ya dafa kai.

"Inna, da hannu kinka cire shi? Duka?"

"Daga hantsi zuwa la'asar."

"Allah ya ƙara ƙarfi. Abin da kinka darje, sunansa ruteniyom."

"Kamar sunan maganin tari," in ji Jibo.

"Ƙarfe ne, Baba. In ka gan shi tsantsa, fari ne kamar azurfa, sai dai ya fi azurfa nauyi, ya fi darma ma. Ka ajiye shi shekara da shekaru ba ya tsatsa, ba ya dushewa. Akwai wani ruwa mai ƙarfi da ke narkar da zinariya kanta, shi ma ba ya cin sa. Azurfar Maidawa tana narkewa kafin zafi ya kai digiri dubu. Wannan sai an haura dubu biyu da ɗari uku."

"To a ƙera garma da shi mana, a huta," in ji Jibo.

"Ba ya ƙeruwa da daɗi. Yana da tauri ƙwarai, amma da gautsi. In ka sa masa guduma ba ya miƙewa, sai ya farfashe kamar kasko."

"Ba ya lanƙwasa, sai dai ya fashe," in ji Jibo, yana kallon saman itace. "Na san wani mai irin wannan hali."

"Baban Rahmatu, ba da kai ake ba. Mushe, ka ce fari ne. Mi ya sa nawa baƙi?"

Hafizu ya karɓi farantin ya nuna ɗan layin da farce. Ya ce a masana'anta ake shafa ruwansa a kan farantin, a gasa a tanda, a sake shafawa a sake gasawa. A cikin zafin nan sai ruteniyom ya haɗu da iskar da muke shaƙa, ya zama baƙi, ya manne. Kaurinsa duka bai kai silin gashi ba. Wannan baƙin ne ke karɓar wutar batir ya raba gishiri, jabel ya fito.

"Ƙarfen da ke ƙasan baƙin kuma titan sunansa. Ɗan dako ne kawai. Da zarar an tuɓe shi an ba shi wuta cikin ruwa, sai ya yi wa kansa wata fata da ido ba ya gani, wuta ta kasa wucewa. Shi ya sa kinka ga kumfa ta taso ta tsaya."

Atika ta gyara zama. Ita mace ce da ta yarda duk abin da ke duniya akwai shi a kasuwa, in ba ta Maraɗi ba, ta Jibiya.

"Ina ake sayar da shi? Ko gwangwani ɗaya ne, Maidawa ya shafa ya gasa."

"Gwangwani!" Hafizu ya yi dariya. "Inna, duk abin da duniya ke haƙowa a shekara, tan talatin ne da ƴan kai. Tirela ɗaya ta albasa ta kwashe shi."

"Duniya duka?"

"Duka. Yawancinsa Afirka ta Kudu, sai Rasha, sai Kanada. Ni ban taɓa jin an same shi a ƙasarmu ba. Ba shi ma da ramin kansa. Yana maƙale ne cikin duwatsun da ake haƙowa don wasu ƙarafa, irin su filatin da nikel, can ƙarƙashin ƙasa. A fasa dutse tan guda, a niƙa, a tace, a yi ta tacewa, abin da za a samu nasa bai kai girman ƙwayar wake ba. Shi ya sa ba a yin faranti da shi, sai dai a shafa. Cikin wayar salular Baba ma da wuya a rasa ɗan mitsitsinsa."

Jibo ya taɓa aljihunsa da girmamawa.

"To wanda na darje," in ji Atika a hankali, "ina ya tafi?"

"Ina kinka zubar da ruwan wankin?"

"Gindin gwanda."

"Alhamdu lillahi," in ji Jibo. "Duk Jiratawa ba mai gwanda irin tamu."

Atika ta juya wurin malamin. Ta tambayi Hafizu ko akwai gyara. Ya ce a Maraɗi babu, sai sabon faranti, kuma shi bai san inda aka samo na'urar ba. Wadda aka koya wa aikin ita za ta sani.

Sun yi sallar azahar a masallacin bakin hanya. Bayan sallah Atika ta daɗe zaune. Tafiya Tsibiri ba nisa, ba ta kai rabin awa bisa moto ba. Amma zuwa gaban wadda ka ci mutuncinta ka ce ka yi kuskure, wannan tafiya ce da wasu ke mutuwa ba su yi ta ba. Ta tashi ta sayi sabulu da tsire, don ba a shiga wurin maijego hannu sake, ta ce wa Jibo ya juya kan moto arewa.

Jibo ya tsaya a zaure wurin mahaifin Tahira. Atika ta yi sallama ta shiga. Tahira na zaune kan tabarma a inuwar ɗaki, ta yi fes da ita, da kwanon kunun kanwa a gefe, jaririya Halimatussa'adiya a cinya. Suka gaisa. Atika ta tambayi jego, ta tambayi ruwan zafi, ta tambayi nono. Ta ɗauki jaririya ta yaba hancinta. Ta sake tambayar ruwan zafi. Ta tambayi ko itacen wanka na isa.

"Inna Atika," in ji Tahira, "gaisuwa ta uku ke nan. Mi ya samu na'ura?"

Atika ta mayar mata da ɗiya, ta warware tsumma, ta ajiye farantin a tabarma. Yana ta sheƙi, shuɗi da ja da ruwan kara.

Tahira ta dube shi. Ta dubi Atika. Ta sake duban shi.

"Wannan wanne ne?"

"Baƙin."

Tahira ta fashe da dariya har ta dafe ciki. "Wayyo Inna, ki yi mini rai, ban gama warkewa ba. Da mi kinka yi masa haka?"

"Yashi da dutsen wasa wuƙa. Launin kuma maƙeri ne."

"Har da maƙeri!"

Uwar Tahira ta leƙo daga madafa ta ga ko lafiya. Atika ta jira dariyar ta lafa. Ba ta sunkuyar da kai ba, ba ta kuma yi kwana-kwana ba, wannan kam a ba ta.

"Tahira, kin ce kada in buɗe, na buɗe. Wannan ɗaya. Na biyu ya fi shi. Na kira Maijidda da Asabe na ce musu ke ƙazama ce. Ba gaskiya ba ne. Ki yafe mini."

"Ai maganar ta riga ki zuwa. Tun jiya da yamma mai kawo mana tumatir ta faɗa wa innata." Tahira ta share hawayen dariya da gefen zane. "Na ji zafi, ba zan ɓoye miki ba. Amma da na ga wannan, ya wuce. Riƙe mini ita."

Ta miƙa jaririya, ta tashi a hankali ta shiga ɗaki. Aka ji ƙarar akwati. Ta fito da wani abu cikin leda, naɗe da rigar jariri. Ta buɗe. Faranti ne sabo, baƙi ƙirin.

"Biyu anka ba mu. Wannan na ajiya ne."

Atika ta miƙa hannu, ta janye, kamar abin zai ƙone ta. "To mi ya kawo shi Tsibiri cikin kayan jego?"

"Inna, da na bar shi a ɗakin nan, da yau guda biyu kinka kawo mini masu walƙiya."

Daga zaure aka ji Jibo ya ƙyalƙyale, ashe kunnensa na ciki. Atika ta san gaskiya ce.

Tahira ta nuna mata yadda ake riƙe shi ta gefe, da wayar da ke shiga kowane rami. Da za su rabu ta rage murya.

"Ki ɗaura shi gobe. Alhamis ta zo ta wuce. Ba mai ji daga bakina, in na dawo ni zan nemi wani na ajiya."

Atika ta yi godiya, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

Laraba ta ɗaura farantin, tana riƙe da shi kamar ƙwai. Ta jona wuta. Kumfa ta taso fari sol ta rufe bokiti, warin jabel ya cika ɗaki. Bayan awa uku takardar gwaji ta sauya launi tun kafin ta gama tsoma ta. Yanzu ba abin da ya rage a ƙasa. Na'ura na aiki, kusoshi na ɗaure, ta tsagogin roba baƙi ake hangowa kamar da. In Maijidda ta tambaya, sai ta ce ta fasa wankin. Mutane da yawa a nan suke cewa Allah ya rufa asiri, su tafi abinsu. Rufin asirin Allah daban, ɓoye ɓarna daban.

Alhamis da safe mata suka taru gindin mangwaro, kwandunan zogale jere, robobin wanki a kife. Maijidda ta yi addu'ar buɗewa, ta ce a tashi a kama aiki. Atika ta ce a dakata. Ta kwance mabuɗi daga bakin zanenta ta ajiye a tsakiyar tabarma. Ta ajiye farantin mai launi kusa da shi.

"Na ɓata kayan ƙungiya da hannuna. Baƙin da na nuna wa Maijidda da Asabe ba datti ba ne, shi ne mai aikin. Ƙarfe ne, ruteniyom sunansa, daga ƙasan duwatsun Afirka ta Kudu ake tono shi, duk na duniya bai fi tirela ɗaya a shekara ba. Rabon Jiratawa ni na darje shi na zuba gindin gwanda. Wanda ke ciki yanzu na ajiya ne, Tahira ta ba ni. Yarinyar nan ba ƙazama ba ce, ta fi ni sanin aikinta. Ga mabuɗi."

Mata suka zuba wa farantin ido. Sai wata daga baya ta kasa riƙewa, ta tuntsire, sauran suka bi. Farantin ya yi ta yawo hannu zuwa hannu, kowa na tambayar yadda ƙarfe ya yi wuyan tattabara. Atika na tsaye, ta harɗe hannu, ta bar su suka yi mai isarsu. Wanda ya yi wa wasu dariya shekara da shekaru, bai kamata ya yi fushi ba ranar da aka zo kansa.

Maijidda ta tafa hannu.

"To, doka ta cika. Ta ajiye, ta faɗa. Yanzu wa za ta riƙe har Tahira ta dawo? Balkisu?"

"Ni? Abin da duniya duka tirela ɗaya? Ina da ƙananan yara, a rufa mini asiri."

"Inna Asabe?"

Tsohuwar ta kaɗa hannu. "Kada ma a dube ni. Tun ranar da ta nuna mana baƙin nan hannuna ke ƙaiƙayi. Wallahi har toka na tankaɗe na ajiye, na ce in Atika ta kasa, in taya ta."

"Ni soson ƙarfe na aika anka sayo," in ji wata.

"Ni na ce a sa masa ruwan batir," in ji wata kuma.

Maijidda ta dubi wannan, ta dubi waccan. Ta tuna ita ma, da suka wuce ranar Litinin, ta ce wa Asabe gara da aka samu mai tsabta ta riƙe ɗakin. Ta faɗi haka a fili, aka sake dariya. Sannan ta duƙa ta ɗauki mabuɗin ta miƙa.

"Karɓi, Atika. Duk cikinmu ke kaɗai kin riga kin yi naki. Sauran kowa da nata a hannu, tana jiran dama."

Atika ta dubi mabuɗin, ta dubi matan. Ta karɓa ta ƙulle shi a bakin zane, ƙulli biyu.

"Asabar zan koma Maraɗi," in ji ta. "Tahira ta ba ni lambar masu na'urar, sai an samo wani na ajiya, kuma ni zan yi zirga-zirgar. Yanzu ku tashi, rana na yi, ganye na yaushi."

Suka tashi. Kafin azahar sun wanke roba goma sha ɗaya.